Inganta Karatu ta Intanet a Manyan Makarantun Nijeriya: Farawa Daga Wayar Ɗalibi

Gabatarwa

Koyarwa daga nesa ba baƙuwar aba ba ce a Nijeriya. An kafa Buɗaɗɗiyar Jami'ar Ƙasa, wato NOUN, a shekarar 1983, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, daga bisani aka farfaɗo da ita a zamanin mulkin Obasanjo. Sai dai annobar korona ce ta fito da gazawar sauran makarantu fili. Da aka rufe su a watan Maris na 2020, wasu jami'o'i masu zaman kansu sun ci gaba da karatu ta intanet, yayin da mafi yawan na gwamnati suka tsaya cik, ga kuma yajin aikin ASUU da ya kai har watan Disamba. Wannan muƙala ta yi bayanin yadda karatun yake gudana, da abin da ke yi masa tarnaƙi, da hanyoyin gyara shi.

Nau'o'in Karatun

Karatu ta intanet iri biyu ne. Akwai na kai-tsaye, inda malami da ɗalibai ke haɗuwa a lokaci guda ta manhajoji irin su Zoom da Google Meet. Akwai kuma na ajiya, inda malami ke ɗora darasi a dandali irin Moodle, ɗalibi ya sauke a lokacin da ya samu hali. Na farko yana buƙatar sabis mai ƙarfi da data mai yawa daga farkon lacca har ƙarshenta. Na biyu kuwa, mintuna kaɗan na sabis sun wadatar.

Matsaloli

Yawancin ɗalibai da wayar hannu suke shiga intanet, alhali sau da yawa ana tsara dandalin makarantu ne bisa zaton kowa na da kwamfuta. Fom ɗin da ya zauna daidai a babban allo yakan gagari mai ƙaramar waya cikawa. Ga tsadar data, musamman bayan da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025. Rashin tsayayyar wutar lantarki shi ma yakan sa waya ta mutu ana tsakiyar lacca. A Arewa maso Yamma har da matsalar tsaro, domin a watan Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a jihar Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato.

Ɗaliban sashen Hausa suna da tasu matsalar ta daban, wato haruffa masu lanƙwasa. Idan rubutun da aka yi amfani da shi bai dace da tsarin Unicode ba, ɓ da ɗ da ƙ sukan rikiɗe su koma akwatuna ko alamar tambaya. A jarrabawar da na'ura ke dubawa, ɗalibin da ya rubuta "kafa" saboda allon rubutunsa ba shi da ƙ, alhali "ƙafa" yake nufi, ya rasa makinsa ke nan.

Hanyoyin Gyara

Mataki na farko shi ne a mayar da karatun ajiya ginshiƙi, na kai-tsaye ya zama na tattaunawa da amsa tambayoyi. Ya kamata a rarraba lacca zuwa gajerun sassa, a samar da ita cikin sauti da rubutu, tun da bidiyo ya fi su cin data nesa ba kusa ba. Manhajar Moodle ta waya tana ba da damar sauke darasi a karanta ba tare da intanet ba, kuma kyauta ce, don haka kuɗin da za a kashe na horar da ma'aikata ne da kula da na'urori.

Na biyu, a gwada kowane dandali a kan waya mai araha da sabis mai rauni kafin a buɗe shi ga ɗalibai, a kuma tabbatar yana karɓar haruffan Hausa.

Na uku, a horar da malamai. Ɗora tsohuwar takardar lacca a dandali bai zama koyarwa ba. Dole a haɗa da aikin gida, da gyara, da amsar da ke isa ga ɗalibi a kan kari.

Na huɗu, makarantu su ci gajiyar abin da ke ƙasa, kamar hanyar sadarwa ta NgREN da ke haɗa jami'o'i, da tallafin TETFund, wajen samar da intanet da wutar sola a ɗakunan karatu da na kwanan ɗalibai.

Kammalawa

Ma'aunin ingancin karatu ta intanet shi ne ɗalibin da ya fi kowa ƙarancin hali. Idan mai ƙaramar waya a ƙauye ya iya sauke darasi, ya miƙa aikinsa, ya samu amsar malaminsa, to tsarin ya biya buƙata. Idan kuwa ya kasa, kuɗin da aka zuba ya ƙara nesanta shi ne da takwaransa na birni.