Gwajin Magani A Kan Jarirai: Abin Da Zariya Ta Koya Mana

Duk wanda ya zauna a ƙauyukan da ke kewaye da Potiskum, ta wajen Nangere ko Fika, ya san irin halin da gida kan shiga idan jinjiri ɗan kwana biyar ya ƙi kama nono, jikinsa ya yi zafi rau, haƙarƙarinsa na lotsawa in ya ja numfashi. Ma'aikacin lafiya zai ce a kai shi babban asibiti a kwantar da shi. To, amma ga mai jego ko suna ba a yi ba, ga kuɗin mota, ga sauran yara babu mai duba su. Sau da yawa sai maigida ya ce a bari tukuna a ga abin da Allah zai yi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin jarirai 1,000 da aka haifa da rai a Nijeriya, 39 ba su cika wata guda a duniya.

Tambayar da ta daɗe tana damun likitoci ita ce, shin akwai abin da za a yi wa jinjirin da iyayensa ba za su iya kai shi asibiti ba? Ba a samun amsar irin wannan tambaya da ƙiyasi. Tilas a gwada magani a kan jarirai marasa lafiya, domin jikin jinjiri ba ya sarrafa magani yadda na babba ke yi. Hantarsa da ƙodarsa ba su gama ƙwari ba, saboda haka ba a ɗaukar awon babba a rage kawai a ba shi.

Amma a ƙasar Hausa kalmar gwaji tana da tarihi mai ɗaci. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara kimanin 200 aka sa a ciki, 11 suka rasu, waɗansu kuma suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musa, ya ce ciwon ne ya yi ɓarnar. A 2009 aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Wannan tabo yana daga cikin abubuwan da suka sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003.

Shekara 15 bayan abin da ya faru a Kano, sai aka yi wani gwaji a Zariya bisa wata hanya dabam. Daga 2011 zuwa 2013, ƙarƙashin jagorancin Hukumar Lafiya ta Duniya, an gudanar da binciken da ake kira AFRINEST a wurare biyar: Zariya da Ibadan da Ile-Ife, da wuri guda a Kenya, da guda a Kwango. Likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ne suka riƙe na Zariya. Ma'aikatan lafiya suka riƙa bin gidajen masu jego suna duba jarirai har zuwa kwana 59 da haihuwa. Wanda aka ga alamar ciwo tare da shi, sai a fara da ba iyaye shawarar zuwa asibiti. Sai in sun ce ba za su iya ba, sa'an nan a yi musu bayanin gwajin, a nemi yardarsu. Jariran da ciwonsu ya yi tsanani ainun, kamar masu jijjiga ko waɗanda suka suma, ba a sa su ciki ba.

Jarirai 3,564 aka raba kashi huɗu ta hanyar ƙuri'a, don kada son zuciyar kowa ya shiga. Babu wanda aka bari ba magani. Kashi na farko aka yi musu allura biyu kullum har kwana bakwai, watau allura 14. Sauran aka rage musu allura, aka haɗa da amoksisilin na sha, har akwai waɗanda allura biyu kacal aka yi musu. Da aka buga sakamakon a mujallar Lancet ta Ingila a 2015, sai aka tarar hanyoyin nan masu sauƙi sun yi aiki daidai da ta farko. An sami irin wannan sakamako a Bangladash da Pakistan. A 2015 ɗin Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida bisa wannan bincike, tana mai cewa asibiti shi ne gaba da kome, amma inda zuwa ya gagara, ƙaramin asibitin unguwa na iya yi wa jinjiri wannan magani.

Jama'a, a lura da wannan. Uwar da ke wani ƙauyen Yobe, wadda ba ta taɓa taka ƙasar Zazzau ba, tana iya cin moriyar yardar da waɗansu iyaye suka bayar a can. Abin da ya raba Kano da Zariya kuwa shi ne bayani da neman izini.

Yanzu akwai kwamitin ƙasa mai lura da ladubban binciken lafiya, wanda ya fitar da ƙa'idojinsa a 2007, ga kuma hukumar NAFDAC wadda sai da izininta ake gwajin magani. Duk da haka, mai tsaron jinjiri na farko iyayensa ne. Idan aka zo muku da takarda, ku nemi a karanta muku ita da harshen da kuke ji. Ku tambaya wane magani ne, wace illa aka sani game da shi, wa ya ba da izini, kuma wa zai ɗauki nauyi in wani abu ya faru. Kuna da ikon ƙi, kuna da ikon janyewa ko da an fara, kuma wannan ba zai hana a duba ɗanku ba. Matambayi ba ya ɓata. Mai bincike na gaskiya ba ya jin haushin tambaya, wanda kuwa ya nemi ku dangwala hannu da gaggawa, to, ku dakata.

Allah Ya raya mana zuriya, amin.