Yadda 'Yan Keken Dutse Na Amurka Suke Gyaran Turbobinsu

A ƙasar Amurka akwai mutane masu hawan keke cikin duwatsu da dazuka don motsa jiki. Wannan al'ada ta soma ƙarfi a jihar Kalifoniya wajen 1976, sa'ad da samari suka riƙa tseren gangarowa daga dutse. Da mahayan suka yi yawa, sai masu tafiya ƙasa da mahaya dawaki suka kai kuka, wai kekuna suna ɓata turba, har hukuma ta soma rufe musu hanyoyi. Saboda haka a 1988 ƙungiyoyi biyar na jihar suka haɗu suka kafa ƙungiyar IMBA. Dabararsu kuwa ita ce su ɗauki nauyin gyaran turbobin da kansu, ba da lada ba, watau irin abin da mu ke kira aikin gayya. Amma fa ba mai sara ko da reshe sai da iznin hukumar da ke riƙe da dajin.

Babban abokin gāban turba ruwa ne. In turba ta miƙe sosai bisa gangare, ruwan sama ya kan bi ta, ya zaizaye ta har ta zama kwazazzabo. Don haka su kan ratsa da ita ta gefen dutse, kuma gangarenta kada ya wuce rabin na dutsen. Misali, in dutse yana sauka ƙafa 20 cikin kowace ƙafa 100, to, turba kada ta sauka fiye da ƙafa 10. Sa'an nan a kan ɗan karkata doronta waje, kamar inci ɗaya ga turba mai faɗin ƙafa 2, domin ruwa ya tsallake ya wuce. Duk hakimin da damina ta taɓa cinye wa hanyar kasuwa ya san amfanin wannan.

Sha'anin itacen da iska ta kayar ya fi kome hatsari, gama itace kwantacce ba a sake ya ke ba. Wani gefensa a matse ya ke, wani a ɗame kamar baka. Wanda ya sa zarto ba tare da ya duba ba, ko itacen ya cije zarton, ko ya ɓalle ya doke shi. Har ma in ya faɗi da saiwarsa, da an yanke gangar jikin, kututturen ya kan koma ya miƙe cikin raminsa farat ɗaya, ya danne duk wanda ke tsaye a wurin. Shi ya sa Hukumar Gandun Daji ta Amurka ba ta yarda ɗan gayya ya yi aiki da zarton inji a dazukanta sai ya sami horo da takardar shaida.

Kadarko kuwa a kan duba shi ne daga ƙarƙashi, inda katako ya haɗu da ƙasa mai laima, don nan ruɓa ke somawa. Su kan soka ƙarfe mai tsini. In ya shige da sauƙi, a sake katakon.

Akwai kuma aikin alƙalami. Shugaban gayya ya kan rubuta sunan kowa da yawan sa'o'in da ya yi, a miƙa wa hukumar daji. In ƙungiya ta nemi taimakon kuɗi don gina gada, sau da yawa a kan ƙimanta waɗannan sa'o'i da kuɗi, a lissafa su cikin kason da aka ce ƙungiyar ta kawo.