Shafin intanet marar maigida: me .eth da IPFS za su iya yi wa matashin Mafara?

A ranar 5 ga Yunin 2021 aka toshe Twitter a Najeriya, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022. Ana cikin haka, a farkon Satumban 2021, hukumar NCC ta sa aka katse sabis ɗin waya a faɗin Zamfara bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, domin yaƙi da 'yan bindiga. Daga Talata Mafara zuwa Bakura da Maradun, mai POS da dillalin shinkafar Bakolori da ɗalibin kwalejin Abdu Gusau duk suka koma riƙe waya a matsayin tocila, har tsawon makonni.

Darasin shi ne intanet na da makunni, kuma ba a hannunka yake ba. Akwai fasahohin da ke ƙoƙarin rage yawan masu riƙe da wannan makunni, sai dai ya kamata ka san inda ƙarfinsu ya tsaya kafin ka zuba kuɗinka.

Idan ka rubuta sunan shafi a burauza, tsarin DNS, wanda aka ƙirƙira a 1983, shi ke juya sunan zuwa lambar kwamfutar da shafin ke ajiye. Sunan kuwa haya kake yi. Ƙungiyar ICANN da ke Amurka ce ke kula da tsarin a duniya, NiRA kuma ke kula da masu ƙarewa da .ng. In ba ka sabunta ba, wani ya saye. In hukuma ta ba da umarni, kamfanin sadarwa ya toshe.

ENS, wanda ya fara aiki a 2017, yana rubuta sunaye masu ƙarewa da .eth a kundin Ethereum, wanda dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa. Muddin kana biyan kuɗin shekara, dala 5 ga suna mai haruffa biyar zuwa sama, ba kamfanin da zai ƙwace maka shi. IPFS kuwa, da ya fito a 2015, ajiya yake yi. Kowane fayil na samun lamba daga abin da ke cikinsa, kuma duk kwamfutar da ke da kwafi za ta iya miƙa maka shi, kusan yadda kake karɓar fim daga wayar aboki ta Xender. Da Turkiyya ta toshe Wikipedia a 2017, a kan IPFS aka ɗora kwafinta na harshen Turkanci.

To ina matsalar? Chrome ba ya buɗe .eth kai tsaye. Yawancin mutane na ƙara .limo a ƙarshen sunan, wannan kuwa suna ne na DNS da za a iya toshewa kamar kowane. Fayil ɗin IPFS na ɓacewa idan ba wanda ke riƙe da kwafinsa. Biya sai da kuɗin kirifto, ga kuɗin aikawa a kai. In ka ɓatar da kalmomin sirrin walat ɗinka, ko ɗan damfara ya karɓe su, sunan ya tafi, ba ofishin da za ka kai kuka. Uwa uba, abin da ya faru a Zamfara ya fi ƙarfinsu duka: in an kashe eriya, .eth da .com ɗaya suke.

Don haka in kana sayar da shinkafa ko kayan waya kana son kwastoma ya same ka cikin sauƙi, .com.ng ya fi maka, ana biya da naira, kowace burauza na buɗe shi. Ka gwada .eth da IPFS a matsayin ajiya ta biyu ga abin da ba ka son ya ɓace, kamar kasidun karatu ko hotunan tarihin garinku. Kalmomin sirrin nan kuma ka rubuta su a takarda ka adana a gida, kada ka ɗauke su hoto a waya.