Abin da Awon Jini ke Faɗa a Kan Ciwon Afendis

Afendis ɗan siririn hanji ne mai tsawon yatsa, yana maƙale a farkon babban hanji, a mara ta ɓangaren dama. Idan bakinsa ya toshe, ƙwayoyin cuta sukan taru a ciki ya kumbura. Ciwon yakan soma a wajen cibiya, bayan wasu sa'o'i ya gangara dama ya tsaya, ga tashin zuciya, ga ƙin abinci. Likita Reginald Fitz na Boston, a Amurka, shi ya fayyace cutar a 1886, ya kuma ba da shawarar a riƙa cire shi da wuri. Babbar tambayar likitan tiyata ita ce: ya fashe ko da saura? A nan awon jini ke da ta cewa.

Abin da ake fara dubawa shi ne fararen ƙwayoyin jini. A jikin baligi mai lafiya sukan kama daga 4,000 zuwa 11,000 a kowace maikurolita, kuma suna saurin hawa da zarar kumburi ya fara, musamman nau'in da ake kira niyutirofil. A ma'aunin Alvarado na 1986, mai maki 10, wanda likitoci ke auna zargin afendis da shi, uku daga jini suke fitowa: biyu idan adadin ya haura 10,000, ɗaya idan niyutirofil sun haura kashi 75 cikin 100 na fararen ƙwayoyin. Ragowar bakwai ɗin daga bakin majinyaci suke da hannun likita.

Na biyu shi ne CRP, wani sinadari da hanta ke zubawa cikin jini, wanda William Tillett da Thomas Francis suka gano a 1930 a jinin masu ciwon huhu. Shi nawa gare shi. Sai bayan sa'a 6 zuwa 8 yake fara tashi, ba ya kai ƙololuwa sai wajen kwana biyu. Wanda ciwonsa ya fara da asuba aka ɗebi jininsa da hantsi, ana iya ganin CRP ɗinsa lafiya lau alhali afendis na ci. Amma wannan nawar ita ce amfaninsa: tana nuna nisan da cutar ta yi. Mai lafiya ba ya wuce miligiram 10 a lita. Idan aka ga sama da 100 ga mai kwana uku yana murƙususu, zargin ruɓewa ko fashewa ko taruwar mugunya ya yi ƙarfi. Shi ya sa ma'aunin AIR da likitocin Suwidin suka fitar a 2008 ya sa CRP cikin lissafi.

Wannan sani yana canja shiri. Wanda ake zargin nasa ya fashe, za a gaggauta ƙarin ruwa da allurar kashe ƙwayoyin cuta, a kuma gaya wa 'yan'uwa cewa zaman asibiti zai yi tsawo, ɗinki ma na iya yin ruwa. Bayan aiki CRP yakan ƙara hawa saboda yankan kansa, ya kai ƙarshensa a rana ta biyu ko ta uku, sannan ya sauko. Idan ya ƙi saukowa kuma zazzaɓi ya dawo, sai a nemi mugunya a ciki ta hanyar hoto.

Sai dai CRP kamar hayaƙi ne, yana nuna akwai wuta bai faɗi ɗakin da take ci ba. A ƙasar Hausa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Zazzaɓin cizon sauro yana ɗaga shi. Taifot ma haka, kuma idan ta huda ƙaramin hanji takan yi kama da afendis da ya fashe, ga shi sau da yawa ba ta ɗaga fararen ƙwayoyi. Akwai kuma gado: mutanen Afirka ta Yamma da dama, masu nau'in jinin da ba shi da alamar Duffy, niyutirofil ɗinsu kaɗan ne tun asali ba tare da wata cuta ba, don haka adadin da ya yi daidai a takarda yana iya zama hawa a jikinsu. Ga kuma kafso da aka saya a kemis aka sha kwana biyu kafin a zo asibiti, wanda kan dagula lissafin. Saboda haka idan sakamako ya fito fes amma mara na ƙara tauri, likita kan kwantar da majinyaci, ya sake taɓa cikin, ya maimaita awon bayan wasu sa'o'i.