Ƙofar da ba ta yarda a manta da ita

Duk wanda ya taɓa leƙa manyan mangazoji na zamani, inda ake jera kaya bisa kantocin ƙarfe hawa-hawa har kusa da rufi, ya san akwai wuri guda da hankali ba ya kwanciya da shi: bakin bene, inda motar ɗaga kaya take miƙo palet. Palet shi ne katakon nan da ake ɗora buhuna ko kwalaye a kai; irin na Turai tsawonsa santimetir 120, faɗinsa 80, yana kuma ɗaukar kilo 1.500. Ko'ina a benen an kewaye shi da shinge, amma nan tilas a bar kafa, in ba haka ba ta ina kaya za su shigo?

An daɗe ana gitta sarƙa a wannan kafa. Lebura ya kwance ta, ya jawo kaya, a ƙwala masa kira daga wani gefe, ya tafi bai mayar ba. Na bayansa ya zo yana jan kaya da baya-baya, bai san bakin a buɗe yake ba. Faɗowa daga metir 3 ba ta cika daƙiƙa guda. Mutum yana isa ƙasa da gudun kusan kilometir 28 a awa, siminti kuma ke jiransa.

Maganin da maƙeran Turai da Amurka suka samo ba shi da injin, ba ya cin lantarki. Shinge ne biyu haɗe da juna, suna juyawa bisa ƙusa guda kamar sikeli. In ana jiran kaya, na bakin rami yana sama, na wajen ma'aikaci yana ƙasa ya tare shi. Da palet ya sauka, sai ma'aikaci ya ɗaga nasa, na bakin rami ya sauko ya rufe. Ko ya so, ba shi da ikon buɗe duka biyun a lokaci guda. A ganinmu nan hikimar take: sarƙa tana dogara ga tunanin mutumin da ya wuni yana dako cikin zafi, ita kuwa ƙofar ba ta tambayarsa komi.

Ƙa'idar duniya ta ISO 14122-3 ta tsayar da tsawon shinge a santimetir 110, da ƙarfe a tsakiya, da ɗan allo na santimetir 10 a ƙasa, don kada ƙafa ta zame ko wani abu ya gangaro kan na ƙasa. Wannan allon shi aka fi renawa.

A nan Nijar, dokar aiki ta 2012 ta ɗora wa mai aiki nauyin kare lafiyar ma'aikatansa. Ɗan kasuwar Maradi ko Damagaram da ya yi niyyar kafa bene a mangazarsa, ya kamata ya sa ƙofar cikin lissafi tun farko. Masu waldarmu za su iya ƙera ta, muddin an ba su awo daidai, an kuma kafe gindinta a jikin benen da manyan ƙusoshi, ba ɗan ɗigon walda ba.