Idan An Haifi Wada A Gida, Laifin Wane Ne?

A gidaje da yawa, murnar haihuwa takan dusashe tun kafin ranar suna idan aka lura jariri ya zo da babban kai da gajerun hannuwa da ƙafafu. Sai tsegumi ya tashi: wasu su ce uwar ce ta yi wa wani dariya tana da juna biyu, wasu su ɗora wa aljanu ko kishiya. Ilimin likitanci ya daɗe da wanke waɗannan mata daga zargi.

Mafi yawan wadanni suna ɗauke ne da larurar da likitoci ke kira akondurofilasiya, wadda takan sami kusan jariri 1 cikin 25,000. A shekarar 1994 masana suka gano tushenta a wata ƙwayar gado mai suna FGFR3. Aikin wannan ƙwaya shi ne taka wa guringuntsi birki yayin da yake rikiɗewa ya zama ƙashi. Idan aka sami ɗan sauyi a cikinta, sai birkin ya yi ƙarfi fiye da kima, dogayen ƙasusuwan hannu da ƙafa su kasa miƙewa yadda ya kamata. Basirar yaron kuwa lafiya lau take.

Abin da ya kamata magidanta su riƙe shi ne, kusan kashi 80 cikin 100 na waɗannan yara iyayensu masu matsakaicin tsayi ne. Sauyin sabo ne, kuma kusan kullum a maniyyin uba yake aukuwa, yiwuwarsa tana ƙaruwa idan uban ya manyanta. Wannan ma ba laifin uban ba ne, ballantana uwa. Idan kuma ɗaya daga cikin ma'aurata wada ne, kowane ciki yana da yiwuwar rabi da rabi.

Akwai kuma larurar raunin ƙashi, inda yaro kan karye a kan ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Galibinta daga sauyi ne a ƙwayoyin COL1A1 da COL1A2, masu sarrafa kolajin, sinadarin da ke ba ƙashi ƙwari. Sau da yawa farin idon yaron yakan yi shuɗi-shuɗi. Irin wannan yaro akan yi ta kai shi wurin mai ɗori, ana zargin uwa da sakaci. Wasu nau'o'inta ba sa bayyana sai uwa da uba duk suna ɗauke da sauyin a ɓoye, abin da ya fi faruwa a auren zumunci.

Kada a haɗa waɗannan da gwame ko bakan ƙafa da ake yawan gani a Arewacin Najeriya, wanda bincike a Jos ya danganta da ƙarancin kalsiyam a abinci. Wannan yana warkewa da magani da gyaran cima.

Batun gado ba baƙo ba ne a Musulunci. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya yi shakkar ɗansa saboda launin fatarsa, Manzon Allah (SAW) ya buga masa misali da raƙumansa, ya nuna masa cewa siffa takan taso daga kakanni. Suratul Hujurat kuma ta haramta izgili da jifa da munanan laƙubba.

Haƙƙin wannan yaro a kan iyayensa shi ne a kai shi asibiti da wuri, domin a riƙa duba numfashinsa cikin barci, da kunnuwansa, da mahaɗar kai da wuya, inda matsi kan jawo haɗari. A sa shi makarantar boko da Islamiyya kamar sauran 'yan'uwansa, a kira shi da sunan da aka raɗa masa. Allah Ya ba mu zuriya mai albarka.