Sababbin Dabarun Harshen Java da Amfaninsu ga Aikin Tattara Arewanci

1. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga ƙasar Arewa, wato gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri cikin jihar Doso, da nufin tattara kalmomi ko tatsuniyoyi ko kirarin sarauta, ya san cewa wahalar aikin ba ta ƙarewa a bakin ƙauye. Bayan ya komo Yamai da maganganun dattawan Matankari ko na Lugu, sai ya rubuta su, ya jera su, ya ƙidaya su, sa'an nan ya miƙa su ga masu shirya littattafan yaƙi da jahilci. A yau duk waɗannan matakai ta cikin kwamfuta suke bi, kuma a nan ne baƙaƙenmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, suka daɗe suna salwanta.

Maƙasudin wannan ɗan bayani shi ne mu nuna wa ƴan'uwa masu bincike waɗansu canje-canje da aka yi cikin harshen Java daga 2017 zuwa 2023, mu kuma bambanta abin da suka gyara da abin da har yanzu yake wuyanmu. Al'amarin ya ƙara nauyi tun watan Maris na 2025, lokacin da sabon kundin tsarin mulkin riƙon ƙwarya ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Harshen da ya kai wannan matsayi, wajibi ne a tabbata na'ura ba ta ɓata rubutunsa.

2. Mene ne Java?

Java harshe ne na ba kwamfuta umurni. Kamfanin Sun na ƙasar Amurka ya fito da shi a 1995, James Gosling ne ya jagoranci aikin, kuma tun 2010 yana hannun kamfanin Oracle. Yana cikin harsunan da ke gina aiki bisa aji da abu: mai rubuta manhaja yakan fara bayyana aji, kamar a ce «kalma», ya faɗi siffofin da kowace kalma za ta ɗauka, bayan haka kowace kalma da aka shigar ta zama abu guda cikin wannan aji. Masanin nahawu ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin haka yake yi idan ya ce suna yana da jinsi da jam'i, aikatau kuma yana da giredi.

Dalilin da ya sa muka zaɓi Java shi ne kayan aikinmu. Manhajar ELAN, wadda Cibiyar Max Planck ta birnin Naimegen a ƙasar Holan ta shirya, wadda kuma masu nazarin harshe da yawa ke amfani da ita wajen rubuta maganar da aka ɗauka, da Java aka gina ta. Tun 2018 ake fitar da sabon zubi na harshen sau biyu a shekara, a watan Maris da na Satumba, kowanne da lambarsa. Saboda haka idan muka ce Java 18, zubi na goma sha takwas muke nufi.

3. Matsalar baƙaƙe masu ƙugiya

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba kawai ta sani. Tsarin Unicode, wanda aka fara bugawa a 1991, ya ba kowane harafi lambarsa: ɓ ita ce U+0253, ɗ ita ce U+0257, ƙ ita ce U+0199, ƴ kuma U+01B4. Tun farko Java ya san waɗannan lambobi muddin rubutu yana cikin ƙwaƙwalwar na'ura. Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin ajiye rubutun cikin fayil ko karanta shi. Idan mai manhaja bai faɗi tsarin da za a bi ba, Java yakan ɗauki na kwamfutar da yake ciki. To, kwamfutocin ofisoshinmu galibi Windows ce ta Faransanci ke cikinsu, tsarinta kuwa, mai suna Windows-1252, an yi shi ne domin harsunan Yammacin Turai. Yana da é da ç, amma ba shi da harafi mai ƙugiya ko ɗaya. Duk harafin da ba shi da gurbi sai a sa alamar tambaya a madadinsa.

Mai wannan rubutu ya taɓa gani da idonsa: jerin kalmomin da ya tattaro a kewayen Dogon Dutsi ya bi ta wata ƙaramar manhaja a wani ofishi, ya fito cike da alamun tambaya. A duba wannan misali: idan aka ga «?ari», ɗari ne, ko ƙari, ko ɓari? Idan aka ga «?aya», ɗaya ne ko ƙaya? Cikin jimla mai karatu yana iya cankowa, amma cikin jerin kalmomi na karin harshe, inda ba a san kalmar ba tun farko, babu mafita sai a koma ga sautin da aka ɗauka, in har yana nan.

A watan Maris na 2022 Java 18 ya kau da wannan ɗabi'a. Daga wannan zubi, tsarin UTF-8, wanda ke iya ɗaukar dukan haruffan Unicode, shi ne abin da harshen ke bi wajen karanta fayil da rubuta shi idan ba a faɗi wani ba, ko wace irin kwamfuta ce. A ra'ayinmu wannan shi ne canji mafi muhimmanci ga Hausa cikin duk waɗanda za mu ambata. Sai dai a lura da abu biyu. Na farko, fayil ɗin da ya riga ya lalace ba zai gyaru ba. Na biyu, rubuce-rubucen da aka buga kafin yaɗuwar Unicode da haruffan dabara, inda aka ɗora siffar ƙ a kan lambar wani harafi dabam, dole a juya su ɗaya bayan ɗaya da jadawalin da mutum ya shirya.

4. Karin sauti da tsayin wasali

Rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsayin wasali, amma mai nazarin karin harshe ba shi da makawa sai ya nuna su. A al'adar ƙamus ana sa ɗan layi bisa dogon wasali, a sa alamar faɗuwa bisa gaɓa mai karin ƙasa, kamar a kalmar rī̀gā. A nan akwai tarko. Unicode yana da hanya biyu ta rubuta à: ko da lamba guda, ko da lambar a tare da lambar alamar a bayanta. Ido ba ya bambanta su, amma na'ura tana ɗaukarsu kalmomi biyu dabam, sai ƙidayar kalmomi ta fito ba daidai ba. Bugu da ƙari, dogon wasali mai karin ƙasa yana da lamba guda ga e da o, amma ba shi da ita ga a da i da u. Shi ya sa idan aka tambayi Java tsayin kalmar rī̀gā ta tsohuwar hanya, ba zai ce huɗu ba, zai ce biyar ko fiye.

Maganin matsalar farko ya samu tun Java 6 a 2006, da aka shigo da aji mai suna Normalizer, wanda ke maida rubutu ga siffa guda kafin a kwatanta. Maganin ta biyu ya zo a hankali: Java 9, a 2017, ya ba mai neman kalma damar ɗaukar wasali da duk alamun da ke kansa a matsayin harafi guda, sa'an nan Java 20, a 2023, ya shigar da wannan ƙa'ida cikin ajin da ke rarraba rubutu harafi harafi. Ga mai ƙidayar gaɓoɓi cikin waƙoƙin baka, wannan sauƙi ne babba.

5. Sababbin hanyoyin tsara ƙamus

Arewanci yana cikin kare-karen Hausar yamma. Inda daidaitacciyar Hausa ke cewa fari, tafi, ƴa, gidansa, a yamma akan ji hwari, tahi, ɗiya, gidanai. Mai shirya littafin karatun manya domin Kore Mairuwa ko Matankari yana bukatar ya ga siffofin biyu gefe da gefe, tare da sunan garin da aka ji kalmar, kafin ya yanke shawarar wadda zai sa a darasin farko.

Java 16, a watan Maris na 2021, ya kawo wani nau'in aji da ake kira record. Da layi guda ana iya bayyana cewa kowace shigarwa tana da siffar Arewanci, da daidaitacciyar siffa, da ma'ana, da gari. A da wannan yakan ci layuka masu yawa, kowanne kuma ƙofa ce ta kuskure. Abin da aka shigar cikin gurabun record ba ya canzuwa bayan an ƙirƙire shi, wanda ya dace da ƙa'idar aikinmu cewa abin da mai ba da bayani ya faɗa ba a taɓa shi.

Java 17, a watan Satumba na 2021, ya ba da damar rufe aji, wato a ƙayyade rassansa. Ana iya cewa kalma cikin ƙamus ɗinmu ko suna ce, ko aikatau, ko sifa, ko bayanau, da sauran azuzuwan da muka yarda da su, babu ƙari. Java 21 kuma, a watan Satumba na 2023, ya kammala dabarar da ke bin waɗannan rassa: ga suna a buga jinsi da jam'i, ga aikatau a buga giredinsa bisa rabon nan na Parsons na 1960. Idan mai manhaja ya manta da reshe guda, na'ura za ta ƙi karɓar aikin tun kafin a fara amfani da shi. Akwai kuma ƙaramin sauƙi da Java 15 ya kawo a 2020, na shigar da dogon rubutu mai layuka da yawa yadda yake, wanda ke da amfani wajen gwada manhaja da guntun tatsuniya.

6. Abin da ya rage a wuyanmu

Akwai abubuwa uku da babu wani zubin Java da zai warware mana su, domin shawara ce ta masu harshe.

Na farko, ƴ da 'y. Tun taron Bamako na 1966 da na Yamai na watan Janairu 1980 ake neman daidaita rubutun Hausa tsakanin ƙasashe. Dokar ma'aikatar ilimi ta 1999 ta tabbatar da ƴ a Nijar, alhali Nijeriya tana rubuta 'y. Normalizer ba ya haɗa su, domin a wurin Unicode haruffa ne dabam. Wanda ke kwatanta Arewanci da Sakkwatanci, maƙwabcinsa na tsallaken iyaka, dole ya rubuta ƙa'idar haɗawar da hannunsa.

Na biyu, alamar hamza ta cikin kalmomi irin su jama'a da sa'a. Ana buga ta da alamu uku masu kama da juna: U+0027, da U+2019, da U+02BC. Ta ƙarshen ce kaɗai Java ke lissafawa cikin haruffa. Sauran biyun alamun rubutu ne a wurinsa, saboda haka manhajar da ke raba kalmomi bisa haruffa tana iya tsinka jama'a gida biyu.

Na uku, jerin abajada. Idan aka bar na'ura ta jera kalmomi bisa lambobinsu, ɓ da ɗ da ƙ duk bayan z za su faɗa. Java yana da aji mai suna RuleBasedCollator wanda ke karɓar ƙa'idojin jeri, amma mu ne za mu gaya masa cewa ɓ tana bin b, ɗ tana bin d, ƙ tana bin k, mu kuma yanke ko sh da ts za su tsaya da kansu.

7. Kammalawa

Bisa abin da ya gabata muna ba da shawara huɗu ga masu bincike da masu tsara aikin yaƙi da jahilci. Duk sabuwar manhajar da za a rubuta da Java domin aikin Hausa, a gina ta bisa Java 21 ko wanda ya biyo bayansa, kamar Java 25 na 2025, tun da waɗannan ne zubin da ake daɗewa ana kula da su. Duk fayil da za a ajiye a taskar bincike, a ajiye shi da UTF-8, a kuma bi da shi ta Normalizer kafin ƙidaya. A zauna a fitar da ƴar takarda guda mai bayyana alamar hamza da jerin abajada da ƙa'idar haɗa ƴ da 'y, a raba ta ga duk mai rubuta manhaja. Daga ƙarshe, kafin a karɓi kowace manhaja daga hannun wanda ya rubuta ta, a gwada ta da kalmomi huɗu, ɓari da ɗari da ƙari da ƴari, a ajiye su, a buɗe su a wata kwamfuta dabam. In sun fito da ƙugiyoyinsu, sa'an nan a ba ta amanar maganar dattawan Arewa.